Ƙarfen da Aka Sayo Don Ƙofa

"Kashe injin nan!"

Mai Walda ya ɗage baƙin gilashinsa. Auta ce tsaye a kansa, idanunta jawur.

"Da gaske kai ka karɓi aikin toshe lungu?"

"Haba, sanyin idona, saurara..."

"Riƙe daɗin bakinka!"

Rijiyar burtsatse ɗaya ce tal a unguwar, tana kan tudu, kusa da gidan su Auta. Mutanen gangare, su Mai Walda, sai an gama ɗiba su samu, in ma an rage. Ranar da aka fasa wa wata tsohuwar gangare bokiti a layi, rikici ya ɓarke, shaguna suka ci wuta. Kwamitin da baban Auta ke shugabanta ya yanke hukunci: a kafa ƙofar ƙarfe a lungun da ya haɗa su, kowa ya zauna ɓangarensa. Wai sulhu ke nan! Mai Tanka, ɗan kawun Auta mai tankar ruwa, shi ya kawo shawarar, kuma da biyu ya yi: ya sayar wa gangare ruwa, ya raba Auta da masoyinta.

"In na ƙi, a ce mu ne ba ma son zaman lafiya," in ji Mai Walda a sanyaye. "In na yi, na hana uwata ruwa, na hana kaina ke. Gaba kura, baya siyaki."

Tausayinsa ya kama ta, haushi kuma bai sake ta ba. Ta shuri ɗaya daga ƙarafan ƙofar. Ya mirgina, ruwan saman da ya kwanta cikinsa ya tsiyayo mata a ƙafa.

Ta yi cak.

"Ashe masu rami ne?"

"Bututu ne. Kwamiti ya ce sun fi araha."

"In ka jona su baki da baki... ina za su kai?"

Ya dubi tarin, ya dubi gangaren, ya dube ta.

"Auta! Babanki zai kashe ni."

"Sai ya haɗa da ni."

Da kwamiti ya zo ganin ƙofa, sai ya tarar da bututu miƙe har gangare. Mai Tanka ya hau kumfar baki.

"Ya ci amana! A kama shi!"

Auta ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, laifina ne. Ba a jona da rijiyar ba, umarninka muke jira. Amma wallahi ƙofa ba ta maganin ƙishirwa. In ka kulle mai jin ƙishi, ɓalle ta zai yi."

"Ni za ki koya wa sulhu?"

Bai jira amsa ba, ya bi bututun a fusace. A ƙarshensa ya tarar da tsohuwar nan zaune, riƙe da bokitinta da ta ɗinke da waya. Kunya ta rufe shi, ya daɗe yana kallon ɗinkin.

"Kai yaro, saura me?" ya tambayi Mai Walda.

"Haɗi ɗaya, Baba."

"Haɗa."

Da ruwan ya zo, Baba da kansa ya tara mata. Mai Tanka kuwa tuni ya sulale.

Baba ya yarfe hannunsa, ya dubi Mai Walda.

"Lungun dai a buɗe yake. Ka ce wa manyanka su biyo ta nan."

Auta ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya.