Munduwar Kakar Tizhe

Da hantsin Litinin Margret ta buɗe ɗakin adana kayan tarihi na Sabon Layi, ta tarar da taga a fashe, munduwar tagulla ta kakar Tizhe kuma ta yi ɓatan dabo. Tun gudun hijirar 2014 Tizhe ya ba ta amanar munduwar, tare da tsohon zanen saƙi na kakar. Yanzu rantsuwa yake ita ta sayar, aikinta da mutuncinta na lilo.

Saja Binta 'yar sanda, wadda idonta ya fi bakinta aiki, ta leƙa tagar. Gilashin duk a waje ya zube, wato daga ciki aka fasa. A akwatin da ake ajiye munduwar kuwa ga zanen an ninke shi tsaf, an cusa bakinsa ciki.

"Su wa ke shiga nan?"

"Ni da Bobboi maigadi, sai Gabdo mai shara," Margret ta amsa.

Binta ta yaye ƙyallen tebur, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. "Adana mini wannan."

Margret ta wanke hannu, ta naɗe shi a jikin sandar gora. "Ba a ninke tsohon saƙi, ranki ya daɗe. Zaren karyewa yake."

Bobboi ya dunƙule shi kamar tsumman goge mashin, ya tura a akwati. "Ni ƙofa ne aikina, Madam."

Gabdo ya karɓa da murmushi, ya kaɗa, ya maƙale tsakiyar a haɓa. Kafin ƙiftawar ido ya ninke, ya cusa bakin ciki.

"Baba Gabdo, da can wace sana'a kake?"

"Yadi nake sayarwa a kasuwa, shekara ashirin, kafin a ƙone shagon."

Binta ta ajiye ninkin Gabdo da na zanen gefe da gefe. "Margret ba za ta ninke ba ko da bindiga. Bobboi bai iya ba. Ɓarawon waje kuwa ba ya tsayawa gyara. Bakinka ya iya musu, Baba, amma hannunka bai manta da shago ba."

Aka binciki kayan Gabdo. A ƙasan bokitin shararsa aka samo munduwar, tana jiran wani dillali.

Tizhe ya kasa haɗa ido da Margret don kunya. Ita kuwa ko kallon munduwar ba ta yi ba. Ta warware zanen a hankali, sai ga shi ya tsage a kan kowane layin ninki. Sai a lokacin ta yi kuka.