Muryar Dijatu

"Kashe babur ɗin nan, Siddiƙu! Don Allah kashe shi!"

Saudatu ce ta fito zaure a guje, ko mayafi babu. A bayanta ɗiyarta Dijatu, 'yar shekara shida, ta durƙushe ta toshe kunnuwa.

Siddiƙu ya murɗe makulli. Sabon babur ne, irin waɗanda suka cika Sakkwato shekarar ƙarin albashin Udoji, ya kawo ya nuna wa Saudatu wadda zai aura.

"Mi ya hwaru, abar ƙaunata?"

"Ƙara... ƙara na ƙona ta kamar wuta."

Dijatu ba bebiya ba ce. A ɗaki tana yi wa uwarta hira har da waƙa, amma da ta ga baƙo sai muryar ta maƙale, idonta ya koma ƙasa.

"Innarka ta aiko jiya," in ji Saudatu, hawaye na zuba. "Wai in bar ta wurin dangin marigayi ubanta. Gidanku na mahauta ba a buki sai da kalangu, kuma ba ta son ɗiyar da ba ta gaida mutane. Ina son ka, Allah ya sani... amma ba ni barin ɗiyata!"

Siddiƙu ya juya. Da hannu ya tura babur har gidansu a Ƙofar Rini.

Washegari ya dawo da mahaifiyarsa Inno, bayan doguwar magiya. Ya roƙe ta kada ta yi sallama da ƙarfi, ta zauna kawai a gindin taga.

Daga ciki wata siririyar murya ke tashi, tana ba Saudatu labarin ɗan akuyarsu, tana dariya.

Inno ta share ido da bakin zane.

"Ashe ba raini ba ne... tsoro ne. Yarinyag ga tamu ta."

Aka ɗaura aure ba kiɗa, ba guɗa. Dangi suka yi gunaguni, Inno ta tsawatar.

Ranar tarewa Dijatu ta ja hannun uwarta, ta raɗa mata wani abu. Saudatu ta fashe da kuka.

"Mi tac ce?" in ji Siddiƙu.

"Wai... in ta shirya, tana iya kiran ka Baba?"

Siddiƙu ya durƙusa nesa kaɗan, ya sassauta murya.

"Gaya mata ina jira. Ba gaggawa."