Layin Biro a Ƙirjin Tela

Dab da magariba likitar kashe zafi ta shiga ɗakin, riƙe da kofin ƙanƙara. Da safe aka yi wa tsohon tela aikin huhu ta wasu 'yan ƙofofi a gefen ƙirji. Ita ta saka masa siririn bututu kusa da ƙashin baya, yana ɗiga magani a kan jijiyoyin haƙarƙari don gefen ya mutu, ya iya tari ba azaba. Gwajin mai sauƙi ne: a goga ƙanƙara a fata, a ja layi da biro inda mutum ya daina jin sanyi.

Ɗakin na warin magani. Injin ɗigon na ta ƙas, ƙas.

"Tun la'asar ya yi shiru," in ji 'yarsa. "Mutumin da ya farka yana cewa ɗinkinku ko a buhu ba zai karɓa ba."

Likita ta ɗaga rigarsa. Layin da ta ja da rana na nan ƙasan hammata. Ta goga ƙanƙara sama da shi.

"Baba, ka ji sanyi?"

"A'a."

Kafaɗa. A'a. Gindin wuya. A'a.

Maganin ba ya kaiwa nan. Ta san haka sarai.

Tsohon ya kamo hannun rigarta, ya yi raɗa. "'Yar nan, kashe abin nan. Duk inda na daina ji, wani ke shiga ya zauna. Ya kusa maƙogwaro."

"Baba, zafin zai dawo fa."

"Ya dawo. Shi nawa ne."

Ta sa abin saurare a kunne, ta ɗora a gefen da ya mutu. Numfashi biyu ta ji. Tsohon ya dube ta, ya riƙe nasa.

Ɗayan bai tsaya ba.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin. Ta danna injin, fitilarsa ta mutu.

Ƙas. Ƙas.

"Likita, lafiya?" in ji 'yar.

Ta ɓalle filasta, ta kama bututun da yatsu biyu, ta ja.

Aka ja daga ciki.

A hankali, kamar mai wasa da yaro.

Ta yi bisimilla, ta naɗe shi a yatsu, ta fizga. Ya fito, ta faɗi da baya, kofin ya tarwatse.

Ba wanda ya motsa har duhu ya rufe taga. Can tsohon ya yi tari, ya dafe gefensa, ya saki ihu.

"Wayyo Allah! Alhamdulillahi!"

Ya warke. Sai da ya sake kushe ɗinkin kafin a sallame shi.

Likita ta rubuta cewa bututun ne ya goce. Har yau tana aikinta. Sai dai yatsun nan biyu ba su sake jin sanyi ba. Kullum da magariba takan kulle ofis, ta ɗauki ƙanƙara da biro.

Jiya layin ya wuce wuyan hannu.