Ƙoƙon Baba a Hannun Doña Elvira

"Ke ce direban?"

Igiya na hannuna lokacin da ta jefo mini tambayar, ƙafata ɗaya a cikin jirgin ruwa, ɗaya a kan katakon tashar Tigre. Na ɗago kai na ga Doña Elvira, mahaifiyar mutumin da zan aura nan da wata huɗu, ta zamo tabarau kan hancinta tana ƙare mini kallo daga hula har takalmin roba. A bayanta Pilar ce, 'yar aminiyarta, wadda tun suna yara ake yi mata tanadin Lisandro. A bayan Pilar kuma ga Lisandron da kansa, ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Ni ce, ranki ya daɗe," na ce. "Jirgin ma nawa ne."

Ta juya wurin ɗanta a hankali.

"Ba ce mini ka yi ofis gare ta a cikin birni ba? Har da ma'aikata shida?"

Sai a lokacin komai ya faɗo mini. Sau ɗaya na taɓa cin abinci a gidansu na Recoleta, unguwar attajiran Buenos Aires, na sha kwalliya har ni kaina ban gane kaina ba. Ranar ta tambaye ni ya ma'aikata, ta tambayi ya kamfanin kujerun mahaifina. Na yi dariya, na ɗauka irin barkwancin masu hali ne. Ashe labari aka ba ta. Ashe shekara biyu Lisandro yana kwasar rana a tsibirinmu, yana cin kifin da Baba ya gasa, yana kirana zuciyarsa, in ya koma Buenos Aires kuma ya ɗinka mini wata rigar da ba tawa ba ya nuna wa uwarsa.

Pilar ta dafe ƙirji, wai mamaki take yi. Ta ce ita fa yawon rabin yini kawai ta kama wa Doña Elvira saboda murnar ranar haihuwarta, ina ita ina sanin jirgin Ludmila ne. Ƙarya take yi. Hotona ne a shafin intanet ɗin da ta kama wurin, riƙe da sitiyari, ina washe baki.

Lisandro ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ludmi, zuciyata, zan yi miki bayani..."

"Rigar ceto tana ƙarƙashin kujera, malam. A shiga a hankali, katakon da santsi."

Ƙarfe tara daidai na tada inji. Aikina na sani. Na bi da su kogin Luján kamar kowane baƙo, na nuna musu tsofaffin gidajen attajirai da kulob-kulob na masu tseren kwale-kwale, na faɗi abin da nake faɗa kullum ba tare da na san ina faɗa ba. Pilar ta zauna manne da Lisandro, duk igiyar ruwan da ta taso sai ta ƙanƙame hannunsa, alhali ruwan ranar kwance yake lumui.

Tambayoyinta kuwa ba su ƙare ba. Me ya sa ruwan ya yi ja kamar shayi da madara? Da gaske mutane na kwana a nan? In ruwa ya cika ina suke zuwa, bisa itace? Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, da murmushin da nake ajiye wa baƙi masu wahalar sha'ani.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya soke ni shi ne maganar Doña Elvira, wadda ta yi ta da ƙarfi don injin kada ya cinye ta. Ta ce wa ɗanta ita ba ta da komai da yarinyar, ga ta nan da ƙoƙari, amma irin waɗannan wuraren ana zuwa ne ranar Lahadi a sha iska a koma gida, ba a ɗauko mata daga cikinsu.

Na dubi madubi ina jiran abin da Lisandro zai ce.

Ruwa yake kallo.

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina son mutumin nan, son da ban taɓa yi wa kowa ba, kuma ga shi zaune yana ƙirga ganyen da ke bin ruwa ana yanka ni a gabansa. Muna shiga kogin Sarmiento, inda ya kamata in miƙe zuwa gidan abincin da nake sauke baƙi, sai na karya sitiyari hagu na faɗa wani siririn rafi da rassan itatuwa suka rufe.

Lisandro ya ɗago da sauri, domin ya san hanyar.

"Ludmila, don Allah..."

"Kogi aka zo gani," na ce. "Yau za a gan shi."

Minti ashirin muna tafe, rassa na goge rufin jirgi, Pilar na kore sauro da jakarta. Gidanmu na ƙarshen rafin, a kan dirkoki, fentinsa kore ya fara ɓarewa. Na danna ƙaho sau biyu. Baba ya fito daga bayan gida da lauje a hannu, taɓo har gwiwa, ɗaurin tsumagun saƙa a kafaɗa. Evaristo Ferreyra ke nan, wai mai kamfanin kujeru. Shekara arba'in yana yanka tsumagu yana saƙa kwanduna da kujeru yana kaiwa kasuwar Tigre, hannunsa duk tsaga, haƙoransa biyu na gaba sun daɗe da tafiya.

Da ya ji ko wace ce baƙuwar, sai ya rikice don murna. Ya yi ta ba da haƙuri kan taɓon, ya wanke hannu har sau biyu, ya jawo kujerun da ya fi ji da su zuwa inuwa. Ya rungume Lisandro yana buga bayansa, ya ce ɗana, ka kawo mana Mama ba ko sanarwa, da na yanka kaza. Sannan ya shiga ya fito da fulas da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarmu.

Ƙoƙon nan ya girme ni. Bututun azurfar da ake zuƙa da shi na mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta. A wurinmu, daga fadar Recoleta har bukkar tsibiri, ƙoƙo ɗaya ne, bututu ɗaya ne, baki ya bi baki. Wanda ba ya sha sai ya ce ba ya sha tun kafin a miƙo, ba mai jin haushi. Doña Elvira ta san haka kamar yadda ta san sunanta.

Baba ya zuba ganye, ya tsiyaya ruwan zafi, ya shanye na farko mai ɗaci kamar yadda mai gida ke yi. Ya sake cikawa ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta karɓa.

Ta dubi bututun, ta dubi bakin Baba. Ta buɗe jaka ta zaro farin hankici, ta naɗe kan bututun ta murza. Ta juya hankicin ta sake murzawa. Bayan duk wannan ma ba ta sha ba, leɓe kawai ta taɓa ta mayar masa.

Ban taɓa ganin Baba ya ƙanƙance kamar ranar ba. Murmushin bai bar fuskarsa ba, sai dai ya rufe leɓensa a kan giɓin. Ya ƙara ruwa, ya miƙa wa na gaba. Pilar ta ɗaga hannu ta ce cikinta ba ya son ruwan da ba ta sani ba. Sai ƙoƙon ya isa wurin Lisandro.

Ya karɓa. Pilar ta ɗauki hankicin daga cinyar Doña Elvira ta miƙa masa tana murmushi.

Lisandro ya sha da bututun nan ya fi sau ɗari. Amma ranar ya tsaya, ƙoƙo a dama, hankici na lilo a gabansa, idonsa na kan uwarsa. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne. Sun dai isa.

Na fizge ƙoƙon daga hannunsa na zuƙe har ya yi ƙara, na mayar wa Baba. Na zare zoben da ke yatsana na ajiye a kan tebur kusa da fulas.

"Yawo ya ƙare. Mai komawa birni ya shiga jirgi."

Baba ya kira sunana a hankali, ban juya ba. Da na juya kuka zan yi, kuma na rantse matar nan ba za ta ga hawayena ba. Doña Elvira ta shiga, Pilar ta bi ta har da ɗan tsallenta. Na tada inji ina jiran na ukun.

Bai shigo ba. Yana tsaye a kan katako, hannunsa a kan igiyar da ta ɗaure jirgin.

"Mama, ƙarya na yi miki," ya ce. "Babu ofis, babu kamfani. Wannan ce Ludmila, wannan ne mahaifinta, a gidan nan nake yini duk Asabar ɗin da nake ce miki ina wurin aiki. Tsoronki na ji, shi ya sa. Yau kuma tsoron ya sa na bari an wulaƙanta mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai ɗana."

Ta ce ya shigo su je gida su yi magana kamar mutane. Ya ce a'a. Ta ce idan jirgin nan ya tashi ba shi, to ya san inda ya zaɓa. Ya kwance igiyar da hannunsa ya jefo cikin jirgi.

"Ban ce ka tsaya ba," na ce masa.

"Na sani. Ba wurinki na tsaya ba, wurin Baba na tsaya."

Na ja jirgina. Awa guda muka yi a hanya, Pilar ta fara wata magana Doña Elvira ta ce ta yi mata shiru. Da muka iso tasha na miƙa wa tsohuwar hannu don ta fita, domin aikina ne. Ta riƙe, ta taka katako, ta ɗan tsaya kamar za ta faɗi wani abu. Abin da ya fito kawai shi ne wai ɗanta bai ɗauki hula ba, kuma rana na ƙona shi. Na ce akwai huluna a gidanmu.

Ban yi gaggawar komawa ba. Na ci abinci a tsaye, na ɗauki baƙin ƙarfe biyu, wasu tsofaffi shida daga Córdoba masu fara'a, na zaga da su na dawo. A tsakani na shiga banɗakin tasha na yi kukana na wanke fuska. Sai da la'asar ta yi sanyi na kama hanyar gida.

A bayan gida na same su. Lisandro ya tuɓe takalmi, wandonsa na birni ya zama abin tausayi, tafin hannunsa duk ya yi bororo saboda lauje. Baba na zaune a kan kututture yana gyara masa riƙo, yana cewa Lisandro likitan haƙori ne guda amma tsumagiya ta gagare shi. Da Lisandro ya gan ni ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ludmi..."

"Tsaya nan. Ni zan yi magana."

Na gaya masa ba zan bar jirgina ba, ko kafin aure ko bayansa. Na gaya masa duk wanda ya tambaye shi sana'ar matarsa, direban jirgi ce, surukinsa kuma masaƙin kwando. A nan za a yi biki, a kan katakon nan, mai tsoron sauro ya zauna gida. Kuma idan ya sake tsayawa yana duban fuskar wani kafin ya san ko ni tasa ce, ba zan yi magana ba, tafiya kawai zan yi.

Ya ce ya ji. Ya ce yana sona, ya kuma san yau bai cancanci in yarda ba. Idonsa ya cika.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, 'yar nan, tun rana yaron nan ke ba ni haƙuri har kunnena ya gaji, ni na yafe, saura ke, kuma ki yi da wuri kafin ya sare mini yatsunsa a gona.

Ban yafe ranar ba. Sai da na bar shi sati uku yana hawa jirgin haya duk Asabar, yana zuwa yana komawa, kafin na mayar da zoben.

A watan Afrilu aka ɗaura auren. Ni na tuƙo kaina da farar rigata, jiragen maƙwabta sha ɗaya na bina suna ƙaho. Lisandro ya kai wa mahaifiyarsa katin gayyata da hannunsa, ni ma na sa hannu a ƙasa. Baba ya kwashe wata guda yana saƙa mata kujera mai dogon baya, saboda ya lura ranar tana dafe ƙugu.

Ba ta zo ba.

Na ga Lisandro yana duban bakin rafi duk lokacin da aka ji ƙarar inji, har aka watse. Abin ya yi mini ciwo saboda shi, ya fi yi mini ciwo saboda Baba, wanda har yau yake kakkaɓe kujerar duk safiya, ya kuma hana kowa zama a kai. Lisandro na zuwa gaishe ta duk Laraba, ban taɓa hana shi ba, har kifi nake ba shi ya kai mata. Amma ni ba zan je in roƙe ta ba. Ta san inda jirgina yake tsayawa.