Finjali Mai Kumfa

Ranar da Tuncay ya fara shiga shagon gahawar Rıfat a birnin Bursa, idonsa na kan Nergis, 'yar mai shagon, har ya shanye gahawarsa da garin da ya kwanta a ƙasan finjali. Ya yi mata murmushi da baƙaƙen haƙora.

Ita dariya ta yi. Mahaifinta kuwa gabansa ne ya faɗi.

"Wanda bai san inda ake tsayawa a finjali ba, ina zai iya riƙe gida?" in ji Rıfat.

"Baba, ni yake kallo fa."

"Abin da ya dame ni kenan."

Ita kaɗai gare shi. Da maganar aure ta taso, Rıfat ya yi ta ja da ita, yau ciwon baya, gobe kasuwa, har matarsa Sevim ta gaji ta sa wa dangin yaron rana.

Ana gobe za su zo, Nergis ta tura wa Tuncay saƙo: "Maci-laka na, gobe zan sa maka gishiri a gahawa kamar yadda al'ada take. Ko ka yamutsa fuska Baba zai ce ba ka da haƙurin zama da ni."

Ya amsa: "Sukarina, zuba har da barkono. Ni da na saba cin ƙasan finjali?"

Baƙi suka cika falo. Nergis ta dafa gahawa a 'yar butar tagulla, ta jera finjalai, ta fita gyara ɗankwali. Rıfat ya lallaɓa kicin. Ya san 'yarsa, ɗan barbaɗe za ta yi wa yaron. Ya duba finjalin da ya fi kumfa, ya ce lallai na masoyi ne, ya antaya masa gishiri cokali uku, ya koma ya zauna kamar liman.

Ta shigo da tire. Ta ɗauki mai kumfar nan, ta miƙa wa mahaifinta.

"Na cire maka mafi kyau, Baba."

Rıfat ya kurɓa. Tekun Marmara gaba ɗaya ya sauka a maƙogwaronsa. In ya tofar, a ce 'yarsa ba ta iya gahawa ba. In ya haɗiye, ya mutu. Hawaye suka zubo masa.

"Allah sarki, tun yanzu kewa ta kama shi," in ji uwar Tuncay.

Sevim ta dubi mijinta, ta dubi ƙwayoyin gishiri a hannun rigarsa, ta ce, "Shanye mana, maigida, kada ta huce."

Tuncay ma ya gani. Ya riga ya gama nasa, amma ya miƙe ya rusuna.

"Baffa, an yi kuskure. Wannan nawa ne."

Ya karɓa ya shanye tas, har da ƙasan, bai ko ƙifta ido ba. Sai kunnuwansa ne suka yi ja.

Da mahaifin Tuncay ya nemi aurenta da sunan Allah, Rıfat ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Sai da ya sha ruwa.

"Na ba shi. A ba shi ruwa ma."

Aka yi biki da bazara. Rıfat ya riƙe hannayen ango da amarya yana kuka na gaske.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku tsufa tare. Kai kuma, ɗana, don Allah ka daina cin laka."