Sunan Goggo a Bango

Rauda na tsakar gida tana dama fura, kakarta Goggo na kan tabarma tana kankare goro, sai ga Alhaji Nagoggo ya faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Daga kasuwar shanu ta Mai'adua yake.

"Ke Rauda! Ki gaya wa yaron nan Musaddiq na fasa. Babu aure!"

Ludayi ya suɓuce daga hannunta. "Baba, me ya yi?"

Musaddiq ma'aikacin gidan tarihi ne, kuma saura wata guda a ɗaura musu aure. Shi ya shirya baje kolin aikin hannu a zauren wata makaranta a Daura. Da yake lokacin da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ne, sai da malamai suka duba kayan, suka ga babu siffar mutum ko ta dabba, aka tsara safe na mata, yamma na maza. Ya zo ya roƙi Goggo aron ƙorai bakwai da ta zana da wuƙa mai zafi tun tana da ƙuruciya. Ta ba shi, Alhaji ba ya gari.

"Me ya yi?" in ji Alhaji. "A gaban dillalai wani ya ce mini ya ga ƙoran tsohuwata, har ya kama sunanta. Sunan yanka! Shekarata hamsin da biyar bakina bai taɓa furta shi ba. Yau an liƙa shi a bango, kowane ɗan firamare yana haɗa baƙinsa!"

"Baba, lebul ne kawai, 'yar takardar bayani, haka ake yi a gidan tarihi..."

"Rufe mini baki!"

Ta rufe. Ta shige ɗaki ta yi kukanta, da la'asar ta fito ta kai wa uban ruwan alwala kamar kullum.

Washegari Musaddiq ya zo ya durƙusa a zaure. "Alhaji, na yi kuskure, ban nemi izininka ba. Yau zan cire takardar, in maido kayan." Alhaji bai ko dube shi ba.

Goggo ta jiyo daga ciki. Ta dogaro sandarta har bakin zaure.

"Angona, kada ka cire komai sai na gani. Kai kuma mai shanu, sunan nan nawa ne ko naka? Nemo mota ka kai ni."

Uwa ta yi magana. Alhaji ya tashi fuska a murtuke.

Sun isa da azahar, mata sun watse, maza ba su fara zuwa ba. Rauda na riƙe da hannun Goggo. Ga ƙoran nan cikin akwatin gilashi, an jera su kan baƙin yadi, haske na sauka kansu. Alhaji ya yi turus. Ya sha fura a cikinsu sau ba adadi, amma bai taɓa lura cewa zanen igiyar da ya zagaye babbar ba shi da farko, ba shi da ƙarshe.

"Goggo," in ji Musaddiq a hankali, "akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk aikin nan babu inda hannunki ya goce, sai wannan layi ɗaya. Me ya faru?"

Tsohuwa ta matso da fuska jikin gilashin, ta yi dariya.

"Wannan? Ai ga mai laifin nan tsaye da babbar riga. Ina zane ya rarrafo zai cafki wuƙa, ta yi jajir. Na fizge, na damƙe bakinta da tafina." Ta buɗe hannun hagu. Tabon na nan, fari, daga gindin yatsa zuwa wuyan hannu.

Alhaji ya dubi tabon, ya dubi layin. Ya san tabon tun yana yaro, bai taɓa tambaya ba.

"Ke 'yar boko," in ji Goggo, "karanta mini takardar."

Rauda ta saci kallon ubanta. Bai hana ba. Sai ta karanta: "Aikin Haulatu 'yar Jafaru, mutuniyar Kongolam."

Hawaye ya bi kumatun Goggo. "Rabon da in ji an kira ni haka tun rasuwar babana. Ashe ina nan."

Alhaji ya juya baya don kada yara su ga idonsa. Sai ya yi ido biyu da wata tsohuwar ƙofa mai sassaƙa da wasu faya-fayai a jikin bango.

"Kai, waɗancan fa? Na wa ne?"

"An rubuta ba a san mai aikin ba, Alhaji. Yawancin kayan gidan tarihi haka suke. 'Ya'ya sun ji nauyin faɗin sunan, jikoki ba su taɓa ji ba, shi ke nan ya bi mai shi ƙasa."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Bar takardar."

"To, Alhaji."

"Kuma rubutun ya yi ƙanana. Ka ƙara masa girma, tsofaffi ma su gani." Ya nufi ƙofa, sannan ya tsaya. "Ranar da aka sa tana nan. Ka gaya wa iyayenka."

Rauda ta rufe fuska da mayafi. Musaddiq kuwa sai "Na gode, na gode" yake yi, har Goggo ta zungure shi da sanda.

"Godiyar ta isa, angona. Ni ka saki ka ɗauki wannan mai hancin, za ka gani!"

Aka ɗaura aure ranar da aka sa. Yaran ba su yi musu da babba ba, ba su ɗaga murya ba, haƙuri ya kai su inda gardama ba za ta kai su ba. Mu manya kuma ga tamu: kunyar iyaye ado ce, amma kada ta binne aikin hannunsu. Wanda tsohuwarsa ke raye, ya je ya duba abin da ta yi, ya tambaye ta tun tana iya ba shi amsa.