Tutar da Eli Ya Ɗaura

A tashar jiragen ruwan ƙauyensu da ke gaɓar Cornwall a Ingila Morwenna ta fara ganinsa, yana saukowa daga ƙaramin jirgin sarki mai jigo ɗaya, irin mai kai saƙo tsakanin manyan jiragen yaƙi. Kwandonta ya kife, ya durƙusa yana tsince mata kifin.

"Sunana Eli. Kifin nan ya fi ni sa'a, tunda ke kika ɗauko shi."

Ta yi dariya, amma harshensa ya tsaya mata a rai. Ɗan tsibirin Jersey ne da ke ƙarƙashin sarkin Ingila, amma Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ga shi ana yaƙi da Faransa.

Mahaifinta Digory, mai kula da igwar tashar, ya ce, "Mai jin yaren abokan gaba ba zai zauna a teburina ba."

Jago ɗan mahauci, wanda ya daɗe yana nemanta, ya ƙara gishiri. "Ku lura, kullum idonsa na kan duwatsun mashigar tasharmu."

Morwenna ce kuwa ta koya wa Eli sirrin da ba a gaya wa baƙo, yadda ake saita hasumiyar coci da farin dutse a ratsa duwatsun lafiya. Shi ya tambaya, ko ita ta fara? Ta kasa tunawa.

Sai wasiƙarsa ta zo: "Tauraruwata, gobe za mu fita. Ɗankwalinki rawaya yana wuyana. Ta hanyar da kika koya mini zan dawo. Naki, Eli."

Washegari ƙauyen duka ya hau tudu don kallon yaƙin. Manyan jirage masu igwa hawa biyu sun jeru suna aman wuta, siraran masu gudu na kewaye su. Da la'asar wani jirgin Faransa ya ɓullo daga hayaƙi, tutar Faransa a sama, ta Ingila a ƙasa. Kowa ya san ta sama ce ta ci yaƙi. Kuma tiryan-tiryan yake bin hanyar sirri.

"Ban gaya muku ba?" in ji Jago.

"Wa ya nuna musu hanya?" Digory ya daka tsawa.

"Eli kaɗai na koya wa, Baba."

Bai ko dube ta ba, ya kunna lagwanin igwa. Ta fizge madubin hangen nesansa ta duba. Tagogin igwar jirgin duk a rufe suke, mai tuƙin kuwa yana kaɗa wani abu rawaya.

Ta sha gaban bakin igwar. "Baba, in ka harba, surukinka za ka kashe!"

Jirgin ya tsaya. Eli ya sauko da fursunoni shida. Sun ƙwace jirgin ne daga Faransawa, kyaftin ɗinsu ya ce Eli ya kai shi tasha mafi kusa don yana yoyo.

"To ita tutar fa?" in ji Digory.

Eli ya ɗaga kai, sai ya dafe goshi. "Wayyo! Sauri nake in ga Morwenna, na juya tutocin."

Tsohon ya ce, "Ɗan leƙen asiri ba zai yi wannan wauta ba."

"Ka yafe mini, na yi zarginka," Morwenna ta ce wa Eli a hankali.

"Ke da kika tare mini igwa?" in ji Eli.

Ranar ɗaurin aure a coci, Digory ya haɗa hannuwansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Amma kai, ɗana, tuta dai kada ka ƙara taɓa ta."